Kejin Usta Siraju

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda baƙar laka ke riƙe takalmi,
akwai wata rumfa mai kwano huɗu,
can na koyi ɗora taya.

Ba ta keke ba, ba ta a-kori-kura ba.
Wadda in ta miƙe ta ɗara ni tsawo,
ta katafila, ta injin yankan dawa,
ƙarti uku ke mirgina ɗaya.

Usta Siraju kunnensa guda ne,
na hagu ya mutu shekara ashirin.
Mai son magana da shi sai ya kewaya.

Ran farko bai ba ni guduma ba.
Ya ce, “Zare bawul, ka saurara.”
Iska ta fita tana huci kamar kububuwa,
har ta yi tsit. Ya ce, “Da saura.
Zura waya, ko datti ne ya toshe.
Taya ta iya ƙarya.”

Ya ba ni burushin ƙarfe, in kankare tsatsa,
in bi bakin rim da ɗan yatsa
kamar mai laluben ƙaya.
Tsaga ko ta kai siririn gashi,
a jefar. Ba walda, ba lallashi.
Zoben wannan ba ya auren wancan
ko sun yi kama kamar tagwaye;
a duba lamba, ido na cin amana.
Ruwan sabulu a shafa a baki.
Fetur da ashana? Ya tofar da yawu:
“Wannan aikin masu sallama da duniya.”

Sai keji. Ƙarfen dogo ne aka lanƙwasa,
shi ya haɗa shi da kuɗin aurensa.
A tura ta ciki, a maƙala tiyo,
doguwa, mai ma'auni a hannunka,
ka koma gefe, ba gaba ba,
ka ba ta kaɗan, ka leƙa daga nesa,
ko zobe ya zauna, ko ya karkace.
In ya karkace, a sace iska duka,
a koma farko, babu kunya.

Wata Talata, tsakiyar kaka,
Hajj Mudassir ya zo da gumi har gemu.
Riɗinsa ya bushe, yana zuba a gona,
tarakta na tsaye kan ƙafa uku.
Ya ce, “Bar kejin nan, buga mata a ƙasa,
zan ninka maka kuɗi, rana na tafiya.”

Usta ya juya masa mataccen kunne.
Ya kurɓi gahawa, ya nuna min keji.
Na tura, na maƙala, na ja baya.

Allura na hawa. Talatin. Arba'in.
Ban ji ƙarar ba, a ƙirji na ji ta.
Kwanon rumfa ya ɗaga ya dawo,
tantabarun masallaci suka watse,
kofin Usta ya tuntsure.
Zobe ya daki ƙarfen dogo
ya lotsa shi kamar cikin ƙwarya,
daidai tsayin wuya.

Hajj Mudassir ya zauna a laka
da farar jallabiyarsa.
Salati yake so, harshe ya ƙiya.

Da yamma muna wanke hannu da kananzir
Usta ya ce, bai kalle ni ba,
“Ƙanena Haliru ne ke riƙe da tiyo.
Gajera ce. Ni na ce ya yi sauri.”
Daga nan bai ƙara ba.
Ni ma ban yi tambaya ba.

Yau rumfar tawa ce, yara biyu gare ni.
Lotsawar tana nan, na hana a gyara.
Duk sabon yaro, kafin ya taɓa guduma,
sai ya sa tafinsa a cikinta,
ya ji zurfinta,
sannan mu zare bawul, mu tsaya.